Daga Filin Jirgi Zuwa Zauren Baffa: Ƙa'idojin Shiga Azare

Jirgi ya dira a Kano, fasinjoji sun yi hamdala, kowa ya miƙe yana laluben jakarsa tun ba a buɗe ƙofa ba. A daidai nan matafiyin da zai wuce Azare yake yin kuskurensa na farko: ya zaro waya ya shaida wa mutanen gida cewa ya iso. Da sauransa. Tsakaninsa da isowa akwai teburan gwamnatin tarayya, akwai tafiyar kusan kilomita 200 a mota, sannan akwai waɗansu masu binciken da ke jiransa a gida, ba kaki ba hatimi, amma ba a taɓa jin wanda ya tsallake su ya zauna lafiya ba. Duk shekara muna tarbar ɗalibai daga Masar da Sudan da Indiya, da 'yan kasuwa daga Dubai da Sin, ga kuma alhazai, na kuwa lura da yawansu sun haddace dokokin filin jirgi sun bar na gida. Shi ya sa na ga dacewar a haɗa musu duka a wuri ɗaya.

Azare tana da ɗan filin saukar ƙananan jirage, amma mai zuwa daga ƙasar waje galibi ta ƙofa biyu yake shigo mana. Ko filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya girmi duk filayen jirgin Nijeriya, don tun 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, ko kuma filin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum kusa da Bauchi, inda ake kwasar alhazan jiha a kuma dawo da su.

Waɗanda za ka fara tararwa jami'an lafiya ne, abin da suke nema kuwa katin rigakafin zazzaɓin shawara, ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa. A idon doka allurar ba ta fara aiki sai ta kwana goma a jiki, saboda haka wanda aka yi wa jiya tamkar ba a yi masa ba ne. Daɗin abin, tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, an daina sabuntawa duk shekara goma. A cikin fasfo katin yake kwana. Wanda ya cusa shi a ƙasan babbar jaka, ƙarƙashin barguna, ya sani babbar jakar tana can gaba, bayan teburin da ake tambayar katin.

Daga nan sai jami'an shige da fice. Ɗan ƙasa fasfonsa ya ishe shi. Baƙo kuwa sai da fasfon da ke da sauran wata shida aƙalla, da biza. Tun 1 ga Mayun 2025 ta intanet ake neman bizar gajeren zama, an rufe tsarin nan na a zo a karɓa a filin jirgi, kuma baƙo yana cika katin sauka ta intanet kafin ya taso. Wanda ya zarce kwanakin da aka ɗiba masa, gwamnati ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba ruwansu da biza, yarjejeniyar 1979 ta ba su zaman kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har sai an ji wata sanarwa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, tunda mutumin Damagaram ya fi mutumin Legas kusa da Azare.

Katin sauka yana tambayar inda baƙo zai sauka, a nan nake roƙon masu masauki su taimaki baƙinsu. Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, a nan kuma fadar Sarkin Katagum take fiye da shekara ɗari ke nan. Garin Katagum kansa yana can arewa, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Baƙon da aka ce masa ya zo Katagum kawai aka yi shiru yana iya cika katinsa daidai, ya hau mota daidai, ya sauka lafiya a garin da ba wanda ke jiransa.

Bayan ka ɗauki kayanka sai kwastan. Mai ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a riyal ko sefa, dole ya bayyana a rubuce, haka dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta tanada. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, a ɓoyewa laifin yake. Kusa da su akwai jami'an duba tsirrai da dabbobi, su ne za su tsayar da mai son ya dasa dabinon Madina a bayan gidansa, da mai ɗanyen nama, da mai irin shuka. Ga kuma NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, kuma a teburinta ne kyakkyawar ɗabi'armu take iya zame mana masifa. Bahaushe ba ya ƙin karɓar saƙo. Tsohuwa ta tare ka a Jidda ta ce ɗana don Allah ga ɗan ƙunshi ka miƙa wa jikata a Kano, kunya ta hana ka tambayar abin da ke ciki. Tambaya. Kwance shi a gabanta. In ta ƙi, ka ba ta haƙuri ka wuce. Mutanen Arewa ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba saboda jakar da ba tata ba aka liƙa wa sunanta, sai a Afrilun 2019 aka sako ta. Don haka ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga takardun shaidar da aka manna maka, ka tabbata lissafin ya zo ɗaya.

In an gama da kai a nan, ka shiga Nijeriya. Saura Azare.

Hanya ba ta da wuyar ganewa: Wudil, Shuwarin, Kiyawa, gadar Jama'are, sai gida. Abin da ya wajaba a kanta guda ne, burodi. Ko da ka cika jaka uku da kayan Dubai, yaran da za su fara rugowa bakin mota ledar hannunka suke kallo. Burodin hanya ba ya cire komai daga tsarabar ƙasar waje, haraji ne mai zaman kansa.

Masu ganin dokokin tarbar baƙo a ƙasar Katagum al'ada ce kawai ta tsofaffi su duba abin da ya faru ranar 2 ga Janairun 1824. A ranar ne Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiyar da sunan Abdullahi, da abokinsa likita Walter Oudney, suka iso tsohon birnin Katagum. Daga Tarabulus suka taso, suka ƙetare Sahara zuwa Kukawa, suka nufo ƙasar Hausa da takardun gabatarwa daga Shehu Laminu na Borno. Bizar zamanin ke nan, wasiƙar babba zuwa ga babba. Sarkin lokacin Ɗankauwa ne, na uku tun daga Malam Zaki da ya kafa masarautar da tutar Shehu Usmanu. Tun ba su kai bakin ganuwa ba manzon Sarki ya tarye su da ɗan kwandon goro, mahaya suka biyo baya a sukwane suna girgiza masu. Abdullahi ya rubuta cewa tun da ya bar Tarabulus bai ga gari mai ƙarfin tsaro kamar Katagum ba, ganuwa biyu, gwalalo uku, ƙofa huɗu, kuma a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Aka ba su masauki, aka ciyar da su kwana da kwanaki. Likitan dama da ciwo ya zo, ya rasu a Murmur ranar 12 ga watan, Abdullahi ya ƙarasa Kano shi kaɗai ranar 20. Duk abin da filin jirgi yake yi yau an yi shi a wannan makon: an san daga ina suke, an san wanda ya tsaya musu, an san inda suka kwana da inda suka nufa. Bambancin, kafin a yi musu tambaya ko ɗaya sai da aka ba su goro. Goron nan kuwa, shi ne yau hukumomin alhazai suke gargaɗin maniyyata duk shekara kada su kuskura su sa a jaka zuwa Saudiyya. Kowace ƙofa da dokarta, matafiyi ya san wadda yake tsaye a gabanta.

To, ga ka a ƙofar gida. Ka yi sallama da murya, ko da an hango ka tun daga bakin layi, ko da yara sun riga ka shiga da jakunkuna. Shiga ba sallama shigowa ce ta ɓarauniyar hanya.

Sashen lafiya na gida yana hannun kaka, in babu ita sai inna. Za a miƙo maka ruwa a kwanon sha, ka sha kafin komai. Sannan a tsayar da kai inda haske yake, a kama fuskarka, a juya ta dama da hagu, a taɓa hannu. Sakamakon binciken ɗaya ne a duk gidajen da na sani: ka rame. Na ga wanda ya dawo rigar da ya tafi da ita ba ta shigarsa, aka duba shi aka ce wayyo, ba sa ba ka abinci ne a can? Ba a ɗaukaka ƙara a kan wannan hukunci. Magani fura da nono ne nan take, da dare tuwo da miyar kuka da man shanu, a ƙara maka ka ce ka ƙoshi a sake ƙarawa. Wanda cikinsa ya saba da ruwan roba ya faɗa wa mahaifiyarsa a asirce, za ta san dabarar da za ta yi. In ya faɗa a tsakar gida, kafin magariba unguwa ta ji cewa wane ya dawo ba ya shan ruwan randa, kuma wannan shaidar tana bin mutum har ranar neman aurensa.

Shige da fice a zaure yake, Baffa ne a kan tabarma. Takalmi a waje, hula a kai, gwiwa a ƙasa. Gaisuwar za ta yi tsawo, kada ka gajarta ta: ya hanya, ya gajiya, ya ka baro mutanen can, ya sanyinsu, ya aka ji da kewa. Duk amsarsu lafiya lau ce da alhamdulillahi, ko da jakarka ɗaya ta maƙale a Addis Ababa. Labarin jaka sai bayan an shafa fatiha. Daga nan tambayoyin aiki su biyo: me aka karanto, me za a yi da shi, zuwan na zama ne ko na hutu, sai ta ƙarshe, wadda ake yi ana kallon gefe, wai ko an fara tunanin ajiye iyali. Duk tsawon zaman nan ana kuma auna harshenka. Yaran da ke raɓe a bakin zaure aikinsu ke nan. Kalmar Turanci ko Larabci ko Indiyanci da ta fi yawan kuɓuce maka ita ce sunanka daga ranar, kuma sunan da yaran unguwa suka raɗa ba shi da ranar ƙarewa kamar fasfo.

Kwastan a ɗakin uwa suke zama, in mai iyali ne a ɗakin uwargida. Doka ta farko, matafiyi ba ya raba tsarabarsa da hannunsa. Ya miƙa jaka da mabuɗi ya koma gefe. Dalilin a fili yake: shi bai san lissafin ba, ita ta sani. Ta san wadda ta kawo soyayyen nama da dakakken yaji ranar tafiya, ta san wanda ya damƙa maka ɗari biyar ya ce ka sha ruwa a hanya, ta san maƙwabciyar da ta yi ta zuwa tambayar lafiyarka, ta kuma san wadda ba ta yi ko ɗaya ba amma in aka tsallake ta za a shekara ana magana. Turare ga wane, sallaya ga liman, kwalli da zobe ga 'yan mata, carbi ga tsofaffi. Saurayin da ya buɗe jaka a tsakar gida yana miƙa wa duk wanda ya fara isowa, kafin la'asar ya ƙarar da kaya a kan 'yan kallo, masu haƙƙi suna hanya.

Dokar kuɗi a nan kishiyar ta filin jirgi ce. Can an ce ka bayyana, nan kada ka bayyana. Ba kuma don za a cuce ka ba, sai don an riga an yi maka lissafi: an san watannin da ka yi, an san farashin dala na safiyar ranar, an ninka. Duk adadin da ka faɗa ƙasa da wannan za a ɗauka rowa ce, in ka faɗi sama da shi kuma ka buɗe wa kanka ofishin biyan kuɗin makaranta.

Akwai rukunin jami'ai da doka ta ba ikon ƙwace ba tare da rasit ba, su ne taubasai, 'ya'yan goggo da 'ya'yan kawu. Hula, agogo, tabarau, takalmin da ka cire a bakin zaure, duk abin da hannunsu ya kai ya halatta. Fushi ba ya dawo da kaya, sai dai ya jawo maka waƙa. Masu hankali suna shiga gari da hular da suka riga suka yafe, ta gasken tana ƙasan jaka sai ranar Juma'a. Kaka ma tana da nata kason a matsayinta na uwargidan jika, za ta ce mijin nan nawa ya tafi ya bar ni ba cefane, kuma ana biyanta a take.

Alhaji da Hajiya nasu ya fi na kowa nauyi, don su duk gari ne yake da haƙƙi a jakarsu. Lita 5 na zamzam hukumar alhazai ta NAHCON take ba kowane alhaji, hukumomin Saudiyya kuma sun hana cusa shi a cikin kaya, saboda haka wanda ya naɗe gora da zani ya tura tsakiyar jaka yana jawo wa jirgi guda jinkiri ne. Lita 5 in ana zuba rabin ƙaramin kofin shayi ba za ta wuce mutum ɗari da 'yan kai ba, masu zuwa cewa Allah ya sa karɓaɓɓiya ce kuwa sun ninka haka. Shi ya sa rabon zamzam da dabino ake damƙa shi ga tsohuwa mai tsayayyen hannu, wadda ba a yi wa kwarjini.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan bashin gaisuwa, a nan ne na fi ganin yaranmu suna faɗuwa, abin kuma yana damuna. Ranar da ka tafi aka buɗe maka littafi. Duk rasuwar da aka yi a dangi da unguwa an rubuta, duk haihuwa, duk aure, duk wanda ya kwanta asibiti, duk wanda gobara ko ambaliya ta taɓa. Ka kira ta waya a lokacin, an gode, an kuma rubuta cewa ka kira. Bashin yana nan, domin zumunta a ƙafa take. Washegarin isowarka da sassafe za a zaunar da kai a karanta maka, a haɗa ka da ƙaramin yaro mai nuna gidaje. Ta'aziyya ce farko, kafin dubiya, kafin barka. In a cikin waɗanda suka rasu akwai na jikinka, maƙabarta tana gaba da kowane gida. A cikin masu rai kuma ana bin girma: yayan uba kafin ƙanen uba, goggo kafin abokai, malamin da ya koya maka alif kafin wanda kuka yi firamare tare.

Wani ɗan ɗan'uwana ya dawo daga karatu, takardunsa na filin jirgi tsaf, ko minti goma bai yi a gaban jami'i ba. Kwana biyu da isowa aka gan shi a bayan babur ya je kallon ƙwallo da abokai, alhali bai taka gidan goggonsa ba, wadda mijinta ya rasu yana can. A rana ta uku ya je. Ta amsa sallamarsa, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta dube shi ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga wane gida?" Ya ce, "Goggo, ni ne fa." Ta ce, "Ayya. Ina da ɗa mai irin muryarka, amma shi yana ƙasar waje, da ya dawo da na gan shi." Sai da mahaifinsa ya taka da kansa, aka haɗa da turmin atamfa da goro, aka yi zuwa uku, kafin ta gane shi. Ina bayan goggo a wannan shari'ar. Matar da ta goya ka, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma tana ƙirga waɗanda suka shigo, ba ta nemi komai a wurinka ba illa ka zauna a tabarmarta ka ce Allah ya ji ƙansa.

Wanda ya zo da baƙo ɗan wata ƙasa, abokin karatu ko abokin ciniki, akwai ƙarin mataki. Bizar da ke fasfonsa ta gwamnati ce, unguwa ba ta gan ta ba. Mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa ya ce ga baƙona, daga wuri kaza, zai yi kwana kaza. In babban baƙo ne maganar tana hawa zuwa hakimi, wani har fadar Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruk na biyu. Daga ranar duk abin da baƙon ya yi a wuyan mai masaukinsa yake, duk abin da ya same shi kuma a wuyan unguwa. A koya masa "lafiya lau" da "na gode" da cin abinci da dama, a gaya masa kafin ya ɗauki hoton mutum ya tambaya. Sauran za a yafe masa, baƙo ko da ido makaho ne.

Izinin zama a matsayin baƙo kwana uku ne, kamar yadda addini ya tsara liyafa. A cikinsu ana yanka maka kaza, ana kai maka ruwan wanka, ana korar yara daga bakin ƙofarka in kana barci. Ba a sanar da ƙarewarsu. Za ka dai tashi a rana ta huɗu ka ga kokon safe ya zo a kofin kowa, ƙosai uku, ba wanda ya tambaye ka yadda ka kwana da gajiya. Can sai ka ji inna daga madafa tana kiran sunanka na yarinta, wanda ba ya cikin fasfo, tana cewa tunda kana tsaye miƙo mata bokitin can, in ka fita kuma ka biya kasuwa ka taho da daddawa.